Bayarabe ya Bar Rabin Kwalba a Lyon

Bawana ɗan Ogbomosho, labarinka ya iso Sabon Birni, kuma daga bakin uwargidanka ya fito, saboda haka kada ka fara rantse-rantse. An ce kun shiga gidan cin abinci a Lyon, ka gyara zaman hula, ka ce a kawo kwalbar giyar inabi sukutum, alhali ku biyu ne kuma Madam ba ta sha. Ka sha kofi biyu, ka biya, ka miƙe ka bar sauran a kan tebur, wai kada Turawa su ce ba ka waye ba. An kuma ce tun daga bakin ƙofa har gida kana ƙunƙuni da Yarbanci kana lissafi da yatsu.

Ka san ni ba na sha, addinina ya hana, kuma wa'azin da na yi maka shekara da shekaru ya bi ruwa, to yau ba shi ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya gare ni: yaushe Bayarabe ya fara jin kunyar ɗaukar ragowa? Ni fa na je bukukuwanku. Na ga iyayenmu mata da ɗaurin kallabi ya kusa taɓa rumfa, zinariya har gwiwar hannu, ana cikin kiɗa sai ka ga an zuge jakar hannu a hankali an zaro baƙar leda a ninke. Dafa-duka ta shiga, soyayyen nama ya bi ta, alala biyu, a ƙulle baki, a tura ƙarƙashin kujera da ƙafa, ido yana kan makaɗi kamar ba a yi komai ba. Ba wanda ya taɓa cewa an zubar da mutunci. Kai da aka goya a irin wannan taro, yau kai ne wanda Bafaranshe mai ɗauke da faranti ya kalla sau ɗaya ka daburce?

Zo mu yi lissafin da ya hana ka barci. Kwalbar santilita 75 ce, a awon gidajen abincin Faransa kofi shida ke nan. Ka sha biyu, ka yi kyautar huɗu. Kuma kwalbar da za ka saya a kanti, in ta hau teburin gidan abinci kuɗinta kan ninka sau biyu ko uku. Kai da ka taɓa tsayar da ni a rana a kasuwar Sakkwato kana ciniki a kan albasa har mai albasar ya ce don Allah ɗauka ka tafi!

Abin da ya fi ba ni dariya, mutanen da kake jin kunyarsu sun riga sun yar da tasu kunyar. Gaskiya ne Faransawa sun daɗe suna ganin ƙunshe ragowar abinci ɗabi'ar Amurkawa ce, ba ta masu aji ba. Amma da ɓarnar abinci ta ishe su, majalisarsu ta yi doka a 2018, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2021: duk gidan abinci dole ya ba wanda ya nema mazubin da zai tafi da abin da bai cinye ba, kuma dokar ta ambaci abin sha ƙarara. Cikin abin da aka toge akwai wurin da ake biya sau ɗaya a ci iya ciki, kuma ina zargin sun toge shi ne don sun ji labarin zuwanku. Da ka ɗaga yatsa kawai, da an mayar da toshiyar an miƙo maka abinka, har da godiya.

Na yarda da kai a abu ɗaya, ka ji daɗi, don ba kullum nake yi ba: ka kyauta da ba ka ce sai ka ga gindin kwalbar ba. A Faransa direba ba ya wuce giram 0.5 na barasa a litar jini, kuma kofi biyun nan kan iya kai mutum bakin iyaka. Da rowa ta sa ka shanye shidan, da jandarmomi ne za su ba mu labarin, ba Madam ba. Shi ya sa ma masu hankali a cikinsu ke tafiya da ragowar.

Da ma New York aka kai ka, can ne za ka ji daɗi, tunda kuna son bidiri da takardu. Tun 2004 dokarsu ta yarda ka fita da kwalba ɗaya da aka fara sha, amma sai ka ci cikakken abinci tare da ita, a toshe ta, a sa ta a leda mai nuna abin da ke ciki wadda in an buɗe sai an gane, a haɗa maka da rasit mai kwanan wata. A mota kuma sai ka kai ta but, domin buɗaɗɗiyar kwalba kusa da direba laifi ce. Ina hango ka kana fitowa da ledar nan a hannu biyu, kana tafiyar ƙasaita, saura kawai a buga maka kalangu.

In ka sake komawa, ɗauko abinka, ka toshe da kyau ka sa a firji, don masu sha sun ce in iska ta shige ta kwana kaɗan ne ta yi tsami. In ta yi, maƙwabtanka Faransawa a miyar nama suke juye ta. Ranar da na zo kada a zuba mini wannan miyar, amala da ewedu sun ishe ni. In kuma kunyar ta ƙi sakinka, ai suna sayarwa kofi-kofi, ka daina kiran kwalba don Madam ta ɗauka an yi maka ƙarin albashi.

Tunda har kana da kuɗin da za ka yi wa tebur kyauta, to Muharram ta kusa, kuɗin sharata na bara da na bana suna wuyanka. A yuro nake so, kuma ka ba Madam ta turo, kai ban yarda da lissafinka ba.