Kwalin Hinjis Yana Nan, Mai Shi Ya San Kansa

Kai yaro, rage ƙarar rediyon nan ka matso. A'a, bar ƙofar shagon a buɗe. Karatu zan yi maka, kuma da ƙarfi zan yi shi, don ba kunnenka kaɗai ne kunne a layin nan ba.

Zazzage kwalin nan a kan benci. Duk hinjis ɗin da kake gani daga kicin ɗaya na kwanto su. Ɗauki guda ka shafa cikin hannunsa. Ka ji danƙo? Duba yatsanka, mai ne ya tsiyaye ya haɗu da ƙura ya yi baƙi. To wannan man shi ne abin da bawan Allah ya biya kuɗinsa a kai. Hinjis mai rufe murfi a hankali, abu biyu ne ke aiki a cikinsa. Akwai sifirin da ke jan murfin ya rufe, akwai kuma 'yar silinda cike da mai, da fistin a ciki. In murfi ya kusa haɗuwa da jikin kabad, fistin zai tura man ta wata 'yar kafa, man ba ya iya wucewa da gaggawa, sai murfin ya lafa ya kwanta ba ƙara. Ran da robar da ke tare man ta saki, shi ke nan, sifirin ne kaɗai ya rage, murfi ya koma garam. Mai araha yana yin wata biyu ko uku yana lafawa kamar na kirki. Wannan tazarar ita wasu suke cin abinci a cikinta, domin kafin man ya zube an biya su, sun ɗauki bidiyon murfi yana rufe kansa, sun saka a waya duniya ta yaba.

Kicin ɗin nan da hannuna na haɗa shi shekarun baya, da hinjis na gama-gari, masu ƙarfi amma masu bugu. Gida ya cika da jikoki, kowa ya ɗauki kofi sai ya wurga murfi. Gilashin murfi ɗaya ya tsage. Ga tsohuwa, mahaifiyar maigidan, tana kwance ba lafiya a ɗakin da ke jikin kicin, duk bugu ɗaya sai ta firgita. Dalilin da ya sa Alhaji maigidan ya nemi a canza hinjis ɗin ke nan, ba don ƙawa ba. Na je na duba, na gaya masa kuɗin kaya da kuɗin hannu, ya ce zai yi shawara. Kafin ya gama shawarar, wani ya bi ta bayan gida ya ce shi zai yi a ƙasa da haka, kuma da Blum. Ban ambaci sunan kowa ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Rasit ɗin da ya ba Alhaji yana aljihuna, an rubuta Blum ɓaro-ɓaro. Ka san mene ne Blum, yaro? Wani maƙeri ne, Julius Blum, ya kafa kamfanin a garin Höchst na ƙasar Ostiriya a 1952, kuma da ƙusoshin takalmin doki ya fara, masu hana kofato santsi. Sama da shekara 70 suna gina sunan nan. Suna cewa hinjis ɗinsu sai an gwada shi buɗewa da rufewa sau 200,000. Wani kuma a minti ɗaya ya ɗauki biro ya ari sunan ya ɗora a kan kayan da ko damina ɗaya ba su gani ba. Kuma ko arar bai iya ba. Na Blum mai rufewa a hankali, birkinsa a cikin kofin yake, wancan zagayen da ke shiga ramin murfi, har da wani ɗan maɓalli da kake turawa ka kashe birkin in murfin ƙarami ne marar nauyi. Juya na hannunka. Ina maɓallin? Babu. Ga silindarsa can a cikin hannu, mai launin tagulla, tana yoyo. Duk wanda ya taɓa riƙe na gaskiya sau ɗaya ba zai rikice ba, kuma na san mai aikin ya riƙe, domin na san inda ya riƙe.

Kar ka ji ni ka ce na tsani kayan Chana. Kayan Chana aji-aji ne. DTC na Foshan na sa shi a gidaje da yawa, ban ji kunya ba. Wanda aljihunsa bai kai Blum ko Hettich na Jamus ko Salice na Italiya ba, sai ka ajiye masa biyu a kan tebur, ka ce wannan kuɗinsa kaza zai yi maka kaza, wannan kuma kaza, zaɓi ya rage naka. Talaka ba ya jin haushin a sa masa mai araha in an gaya masa. Abin da ke ƙona rai shi ne ka karɓi kuɗin na sama, ka shiga kasuwar Sabon Gari ka sayi na ƙasan ƙasa, wanda ko suna ba shi da shi a jiki, ka cusa sauran a aljihu, sannan ka tsaya a tsakar gidan mutum kana rantsuwa.

Da a ce kayan ne kaɗai, da na ce son kuɗi ne na yi shiru. Aikin hannun shi ya fi ba ni takaici, domin shi ne ke nuna an yaye kai kafin lokacin yaye.

Miƙo min murfin can da ke jingine. Ka ga ramin kofi, faɗinsa milimita 35, kusan duk hinjis na irin nan haka suke, shi ya sa marar sani yake ɗauka kowanne zai shiga gurbin kowanne. Kofin zai shiga, amma sukurorinsa fa? Na Blum tsakanin ramukansu milimita 45 ne, na Hettich 52, yawancin na kasuwa 48. Tsofaffin ramukan murfin nan 45 ne, sabon hinjis 48. Kafinta sai ya toshe tsohon rami da tsinken katako da gam, ya bari ya bushe, ya auna, ya huda sabo. Wani kuwa sai ya karkata sukuru ya danna da injin. Kalli nan, sa yatsanka. Ka ji yana marmashewa? MDF ne, garin katako aka cuɗa da gam aka danne, ba ya yafe wa sukurun da aka shigar a karkace. Ramuka biyu sun zama ɗaya, sukuru yana juyawa ba ya kama komai. Na samu wani wurin an cusa tsinken ashana. Tsinken ashana, a kicin ɗin mutumin da ya ba ka ruwa ya ba ka abinci ya kira ka ɗana!

Sannan hannun hinjis iri uku ne, kuma wannan shi ne karatun makon farko a shagon nan. Akwai miƙaƙƙe, na murfin da ke rufe bakin allon gefe gaba ɗaya. Akwai mai ɗan lanƙwasa, na inda murafe biyu suke raba allo ɗaya. Akwai mai lanƙwasa sosai, na murfin da ke shigewa cikin kabad. An sayo kwali guda iri ɗaya an bi kicin da shi kaf. Murafen da ke raba allo suka riƙa gogar juna har fatar bakinsu ta ɗaye. Murfin kusurwa da ke buƙatar mai buɗewa digiri 165 ko 170, an sa masa na 110, Hajiya uwargidan sai ta durƙusa ta karkata kafaɗa kafin ta ciro tukunya. Dogon murfin ma'ajiyar abinci, kusan mita biyu, nauyinsa na hinjis huɗu ne. Huɗu na bari a jiki, biyu na tarar, sauran ramukan suna hamma. Dole ya sunkuya.

Ko saiti ba a yi ba. Sukuru uku ne fa: ɗaya na kai murfi hagu da dama, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa, kowanne yana ba ka kamar milimita 2. Ka tsuguna, ka juya kaɗan, ka ja da baya ka duba layi, ka dawo. Aikin haƙuri ne, ba ya fitowa a bidiyo. Kuma a garin nan ba a saiti sau ɗaya a tafi, domin allo yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Mai mutunci yana komawa bayan wani lokaci ya sake dubawa ba tare da an kira shi ba. Wani kuwa ko an kira, wayar tana ta ƙara a gabansa yana kallon sunan Alhaji, sai ya kifa ta.

Ga abin da ya fi duka, kuma ka riƙe shi. Rabin murafen nan ba sa buƙatar a kwance musu komai. Akwai ɗan birki da ake sayarwa shi kaɗai, wani a maƙala shi a kan tsohon hinjis, wani a ɗaure shi a kusurwar kabad ta ciki, murfi ya zo ya dafa shi ya lafa. Ƙaramin murfi guda ɗaya ya ishe shi. Abin da na gaya wa Alhaji ke nan tun farko, kuma wani ya san da shi sarai. Amma in aka bi wannan hanyar, tsofaffin hinjis za su zauna a inda suke. Su kuwa lafiyarsu ƙalau, ƙarfe mai kauri, ba tsatsa. Na tambayi Hajiya ina suke, ta ce mai aikin ya zuba su a buhu ya ce zai zubar mata. Ni dai na ga irinsu sak a jikin wata sabuwar wadirob da aka fito da ita shan iska a layin nan, har da ɗigon farin fentin da na san daga inda ya ɗiga.

Ka ji an kunna injin yanka a can? Ba katako a bakinsa, ƙarar kawai ake so. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bari ya yi, zan ɗaga murya.

Abin ya dame ni ne domin da aka ga aikin, ba a ce wane ya ɓata ba. Cewa aka yi, ai yaron wane ne, a wurinsa ya koya. Sunan shagon nan aka kira. Kuma tsohuwar nan da aka yi abin dominta, watanni ta yi tana jin bugun da aka biya kuɗi don ta daina ji. Wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da ni, wanda na riƙe hannunsa na nuna masa yadda ake ɗora tef a kan milimita 37 daga bakin allo, ba zan so a ce an kai shi gaban mai unguwa ba. Ina da hakkin koyarwa a kansa, yana da hakkin zama a kaina.

Jiya da na gama ɗaura hinjis na ƙarshe a kicin ɗin, Alhaji ya sa ɗan autansa ya wurga murfin da ƙarfinsa, murfin ya tsaya ya lafa. Sai ya juyo ya tambaye ni, tsakanin abin da aka rubuta a rasit da abin da aka sa masa, nawa ne bambancin? Na san amsar har kwabo. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Mayar da su cikin kwalin, ka ajiye a bakin ƙofa inda mai wucewa zai gani. In mai su ya zo da buhun tsofaffin da ragowar kuɗin mutane, ni zan raka shi gidan da ƙafata, in yi masa sallama, in fara ba da haƙuri kafin ya buɗe baki. In kuma an sauko daga masallaci kwalin yana nan, da shi da rasit ɗin zan tafi, kuma duk abin da Alhaji ya tambaye ni zan amsa masa.