Wasiƙa daga Landan: a bar wa Alhajin Turai roba-robarsa

Zuwa ga Yaya,

 Na ji labarin muhawarar da ake tafkawa a majalisar ƙofar gida, wai 'yan uwanmu na Ingila sun tsallake teku, sun bar danginsu da kewa, sannan sun ƙare a kan roba-roba kamar 'yan makarantar sakandare. Zan kare su da hujja. Magana ɗaya ce zan yi: ga mai zuwa aiki a Landan, ƙaramin babur da aka ajiye don ranar da hanya ta tsaya ya fi mota ta biyu amfani, amma da sharaɗin a bar shi a ƙaraminsa.

Mu fara da dalilin ajiye shi. Garin nan a kan jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas yake tafiya, kuma ma'aikatan jirgin sukan shiga yajin aiki, ranar da suka shiga kuwa mai gidan aiki ba ya karɓar uzuri. Za ka ce a fito da mota mana. To tun 2003 kusan duk motar da ta shiga tsakiyar gari a lokutan aiki sai ta biya kuɗin cunkoso, babur kuwa an yafe masa. Tun Agustan 2023 kuma tsohuwar motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa a ko'ina cikin Landan. Ga kuɗin fakin, wanda idan aka juya shi zuwa naira zai sa ka nemi kujera ka zauna. Mai babur yana ratsa tsakanin motoci ya isa ofis, mai Marsandi yana can baya yana duba agogo.

Sai zaɓin babur, nan ne mutanenmu ke tuntuɓe. Akwai mai inji 50cc, wanda doka ta ƙayyade gudunsa a mil 28 a awa. A cikin unguwanni, inda tituna da yawa ba a wuce mil 20, wannan ya wadatar, amma a kan babban titi irin North Circular, inda tirela ke numfashi a ƙeyarka, ya zama gangancin da ko ɗan acaba ba zai yi ba. Saboda haka mai 125cc ne daidai, irin su Honda PCX ko Yamaha NMAX. Ana yin horon yini guda da suke kira CBT, a ba ka takardar da ke aiki shekara biyu, ka liƙa jan harafin L gaba da baya. Ka gaya wa 'yan majalisa L ɗin nan ba ta Landan ba ce, ta ɗan koyo ce, ko da furfura ta cika masa gemu. Mai ɗauke da ita ba ya hawa manyan hanyoyin da ake kira motorway, kuma ba ya yin goyo. Ka ji fa, Yaya: babur guda, mutum guda. Wanda ya saba ganin mai gida da uwargida da yara uku da ragon layya a kan Jincheng zai ce wannan almubazzaranci ne, amma haka dokarsu take.

Na san abin da makaniken unguwa zai ce: a kawo shi a taɓa inji, a fasa salansa, ya riƙa tashi kamar jirgi. A nan wannan taɓawar ita ce mafarin asara. Mai 50cc da aka kwance wa takunkumi ya tashi daga ajinsa a idon hukuma, lasisin da ke hannunka ƙila bai kai shi ba, kuma kamfanin inshora da ba a sanar da shi canjin ba yana iya juya maka baya ranar da aka yi hatsari. Gyaran da ke da amfani duk na jin daɗi ne da tsaro: akwatin baya na hular kwano da kwanon abinci, gilashin gaba mai kare iska, hannuwa masu ɗumi saboda hunturu, da bargon da ake rufe ƙafafu da shi, wanda ke sa ƙato ya yi kama da mai jego. Sai sarƙa mai kauri da kwado, domin ɓarayin babur na Landan ba su da labarin cewa sata a Turai abin kunya ce. Abin ajiya kuma yana son kulawa: batir yakan mutu idan an daɗe ba a tayar ba, man fetur yakan lalace a tanki, don haka ko ba yajin aiki a zaga da shi sau ɗaya a mako.

Saura ɗauko shi daga inda aka saya. A gida an san yadda ake yi: a cusa shi a but ɗin Golf, tayar baya a waje, yaron mota na riƙe da igiya. A nan babur mai fetur ba ya shiga jirgin ƙasa. Akwai ƙarfen da ake ɗaura wa mota a baya a ɗora shi, amma mai 125cc yana kai kilo 130, yawancin ƙananan motoci kuwa ƙugiyarsu ta baya ba ta ɗaukar ko kilo 100. Sai dai a yi hayar ƙaramar motar kaya, a gangara katako, a tura shi ciki, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu yana tsaye. Mafi sauƙi duka, a biya inshora da haraji a hau shi a taho, domin abin hawan da kullum sai an goya shi ya zama jariri.

Akwai ƙorafin da ba zan musa ba, wato ruwan sama da sanyi. Ana jiƙewa, yatsu suna ƙagewa, hanci yana zuba. Amma ai ba kullum ake hawa ba, na ranar matsi ne, kuma jiƙewar rabin awa ta fi rasa albashin yini. Maganar a sako maka ɗaya a kwantena kuwa, kuɗin jirgin ruwa da na kwastan zai saya maka sabo dal a Kano, har da canjin shan mai.

A gaishe da Hajiya da yara. Idan an ga hoton wani daga cikinmu da jar L da bargo a cinya, a yi masa addu'a kawai, kada a tura wa surukai.

Ƙaninka,
daga Landan