Gizo da Ƙashin Gadufawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara aka yi fari, ciyawa ta ƙone, tafkuna suka ƙafe. Gizo ya leƙa rumbu ya ga wayam, sai ya maƙale a mangalar raƙumi, ya bi ayarin gishiri mai zuwa Bilma. Sun wuce Agadas ke nan guguwa ta sure shi, ta yar a Gadufawa, cikin hamadar Tenere. Yana kakkaɓe rairayi sai ya yi arba da wani ƙoƙon kai, tsawonsa ya haura mita 1.5, haƙora sun fi 100.

Gizo ya ɗaura masa igiya, ya ja shi har fadar Zaki, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Yanka ya daɗe, kan kakana ne wannan. Shaboda haka in za a yaba hatsin gandu, a ba ni daidai giyman gidanmu."

Zaki ya ce a kira Dila, malamin daji. Dila ya zagaya ƙashin, ya shinshina, ya ce a nemo masu haƙora irin waɗannan. Kada na zuwa ya fashe da kuka.

"Ranka ya daɗe, ɗan'uwan kakanninmu ne. Shekara wajen miliyan 110 da suka wuce Tenere ƙasar koguna ce, kifi ko'ina. Tsawonsa ya haura mita 9. A shekarar 2000 ma wani Ba'amurke, Paul Sereno, ya haƙo irinsa a wurin."

Fada ta ɗauki dariya. Gizo ko gezau. Ya gyara zama ya ce, "To, na ji ba kakana ba ne. A ba ni laƙanin da ya sha."

Dila ya ce, "Kowane gida da nasa laƙanin. Mazari, kai za ka fara, naku ya fi daɗewa."

Mazari ya ce, "Allah gafarta Malam, namu iska ce. Ba mu da huhu, ta 'yan ƙofofin da ke jikinmu iska ke kutsawa, kuma ba ta nisa. In jiki ya yi kauri, can ciki ba ya samu. To, shekara miliyan 300 baya oksijin ya haura kashi 30 cikin 100 na iska, yau kuwa kashi 21 ne. A lokacin kakanmu in ya buɗe fikafikai sai su kai santimita 70, kamar hankaka. An tono shi a ramin kwal a Faransa. Kuma babu tsuntsu ko ɗaya a sama da zai cafke shi."

Kada ya ce, "Namu zafi ne da ƙoshi da tsawon rai. Mu da su Mesa jikinmu ba ya ɗumi sai mun sha hantsi, in duniya ta yi ɗumi sai mu yi ta ci muna miƙewa. Ɗan'uwan kakan Mesa na Kolombiya ya kai mita 13."

Sai Kaza ta yi gyaran murya. Kura ta ce, "Ke kuma da me? Tafi ki yi tononki."

Dila ya ce, "Bar ta, Kura. Duk fadar nan ita ce jinin dainoso."

Kaza ta ce, "Dubi ƙashina, holoƙo ne, a jikina kuma akwai jakunkunan iska. Haka manyan danginmu masu dogon wuya suke, shi ya sa nauyi bai karya su ba. Ba sa tauna, haɗiya suke, ciki ya yi sauran aikin. Wanda ba ya tauna ba ya bukatar ƙaton kai, ƙaramin kai kuma shi ke hawa dogon wuya. Sai su tsaya wuri guda su share ganyen fili guda. Na ƙasar Ajantina ya haura mita 30. In ka kai haka, wa zai tare ka? Ga ƙwai rututu, ko an cinye rabi, rabi ya tashi."

Giwa ta nisa ta ce, "Nan kuka fi mu, 'yar'uwa. Ni wata 22 nake ɗauke da ciki, in haifi ɗa ɗaya tal."

Gizo ya lissafa da ƙafafunsa: iska, zafi, haɗiya. Bai jira a shafa fatiha ba ya sulale gida.

Yana fita Zaki ya ce, "Malam, duk na ji. To, ina waɗannan ƙattin suke yanzu?"

Dila ya nuna ƙarƙashin buzu, ya ce, "Ɓera, fito, wannan amsar taku ce."

Ɓera ya fito yana kyarma. "Ranka ya daɗe, shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo daga sama a gaɓar Meziko. Ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu. Mai cin kurmi guda a yini ya rasa abin karin kumallo, masu cin namansa suka bi shi. Kakanninmu kuwa suna rami, 'yar ƙwaya da ɗan ƙwaro sun ishe su. Da gari ya waye, su ne suka gaji filin. Daga zuriyarsu Giwa ta fito, har da kai, ranka ya daɗe."

Zaki ya yi shiru, ya dubi farcensa.

Dila ya ce, "Girma aron zamani ne. Iska da zafi da abinci su ke ba da shi, ranar da suka janye kuma babba ake fara bi bashi. Hatsin gandu a raba shi bisa yunwar yau."

Can gida kuwa Gizo ya sa Ƙoƙi ta hura masa iska da zugazugin maƙera da ya aro, ya kwanta a garjin rana, ya janyo kwandon fara ya yi ta haɗiya ba tauna. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, kowa ya haɗiye taɓarya ya kwana tsaye."

Ya ce, "Ƙaya huyawa, Ƙoƙi, na fara jin giyma!"

Ciki ya kumbura tim, ƙafafu suna nan siri-siri. Ana cikin haka sanƙira ya yi shelar rabon hatsi. Gizo ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya mirgina, da kyar ya kai bakin ƙofa, ciki ya toshe ta. Kafin cikin ya sace an karkaɗe buhu, har Ɓera ya kai nasa mudun rami.

Kunya ta sa Gizo ya haye kusurwar ɗaki da ƙaton cikinsa. Har yau yana can, ƙuda ɗaya na kai shi kwana da kwanaki.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.