Rabon Fili a Ƙasan Fasfo

Kowa ya san yadda rabon fili yake a Abuja: wani ya samu Maitama, wani ya gode wa Allah da Nyanya. In kana neman inda aka yi rabo daidai wa daida, buɗe fasfonka ka dubi layuka 2 ɗin nan da ke ƙasan shafin hoto.

Kowane layi gurbi 44 ne, babu daɗi babu ragi. Siririn I da ƙaton M faɗinsu ɗaya, ba mai cin iyakar wani. Haruffan kuma ba su da ƙafa ba su da ado, sun tsaya tsirara. Sunan salon OCR-B, Adrian Frutiger ɗan Suwizalan ne ya zana shi a 1968, domin na'ura ta karanta ba tare da ta rikice ba. Na'urar filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba ruwanta da kyan rubutu, gurbi take ƙirgawa: nan lambar fasfo, nan ranar haihuwa. Inda sunanka ya ƙare sai a cike sauran da alamar <, kada a bar fili a banza.

Sai dai adalcin na 'yan gida ne kawai, daga A zuwa Z. Ƙ da ɗ da ɓ ba su samu takardar mallaka ba. Malam Ɗanladi, da ya isa teburin jami'in shige da fice, lanƙwasarsa ta faɗi, ya koma DANLADI. Mai dogon suna kuwa, in ya wuce gurbi 39 a datse masa wutsiya, ko da jikan sarki ne.