Wa Ya Ce Maka Kirista Ba Ya Azumi?

Ka ce me? Maimaita, kunnena bai ɗauka da kyau ba. Wai Kirista ba ya azumi? Wai mu addininmu na shinkafa da kaza ne, daga Kirsimeti sai Ista, daga Ista sai jiran wata Kirsimetin? Haba maƙwabci! Shekara nawa katanga ɗaya ce tsakaninmu, muna jan ruwa a rijiya ɗaya, ashe ba ka tuna da addinina sai ranar da yarana suka yi sallama da kwanon cincin. To jawo tabarma, yau sai mun yi ta ta ƙare. Kada ka ce min kana sauri, tun jiya na san babu mai a babur ɗinka.

Ka ce da idonka ka gan ni ina kwankwaɗar zoɓo da rana tsaka, a daidai lokacin da na ce muna azumi? Ka gan ni, ban musa ba. Wace rana ce? Lahadi? Ayya, ɗan sanda ya kama mai gida a cikin gidansa. Ɗauko yatsunka mu ƙirga. Daga Larabar Toka, ranar da ake ɗaukar azumin da ake kira Lent, zuwa jajiberin Ista, kwana 46 ne. A ciki akwai Lahadi shida. Cire su, saura nawa? Arba'in cif. Lahadi ranar tashin Almasihu ce daga matattu, kuma tun zamanin da, ikilisiya ba ta haɗa murnar wannan rana da yunwa. Kai kuwa duk kwana arba'in ɗin ba ka leƙo ba, sai ranar hutun. Wannan ba bincike ba ne, sa ido ne.

Ka ce arba'in ɗin ma mu muka zauna muka yanka wa kanmu? Tambayi Musa, wanda ya yi kwana arba'in a kan Dutsen Sina'i ba ci ba sha. Tambayi Iliya, da ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb da ƙarfin abincin da mala'ika ya ba shi. Mutanen Nineba wa'adin kwana arba'in Yunusa ya kai musu, suka firgita, suka yi azumi har da dabbobinsu. Ka ji fa, har da awaki. Sannan Yesu da kansa, kafin ya fara wa'azi, ya yi kwana arba'in a jeji yana azumi, a ƙarshensu kuma jarabar farko da Iblis ya zo masa da ita ta ciki ce: ga duwatsu, mayar da su gurasa. Yana nan a Matiyu sura 4. Ka ce ba ka jin Turanci? Wa ya aike ka Turanci? Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya sha wahalarsa tare da abokan aikinsa, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Kalmar da za ka tarar a ciki ita ce dai wadda kake faɗa a gidanka: azumi. Ba mu aro wata ba.

Na ga kana murmushi, ka samo wata. Ka ce in da gaske ne, don me azumin ba shi da matsaya, bana Fabrairu, baɗi Maris? Kai ne da wannan magana? Kai da naka yake zagaye shekara, ya yi sanyi ya yi damina ya yi bazara? To bari ka ji abin da zai ba ka haushi: mu ma wata muke bi. Ista tana da alaƙa da Idin Ƙetarewa na Yahudawa, domin a lokacinsa aka gicciye Yesu, shi kuwa wannan idi da wata ake lissafa shi. Kiristocin farko sun sha gardama a kan ranar, har sai da bishof-bishof suka taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, zamanin Sarki Konstantin, suka amince a riƙa yin bikin rana ɗaya. Lissafin da ya zauna shi ne wannan: a jira 21 ga Maris, a jira wata ya cika, ya zama ɗan daren goma sha huɗu, Lahadin da ta biyo baya ita ce Ista. Shi ya sa ba ta taɓa faɗowa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. In Ista ta motsa, Larabar Toka ta motsa, Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, ta motsa, har Fentikos da ke zuwa a rana ta hamsin. Uwa ce da 'ya'ya, inda ta yi nan suke yi.

Bambancin kawai, mu ba ma fita bayan gari muna ɗaga kai sama, masu lissafi sun gama aikin a takarda tun kafin a haifi kakanninmu. Ka ce ke nan mun huta da rigimar ganin wata? Ina fa! A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara kalanda, ikilisiyoyin Otodoks suka ci gaba da lissafin Ista da tsohuwar. Har yau wata shekarar mu yi namu, na Masar da Habasha da Rasha su yi nasu bayan mako ɗaya, wani lokacin har mako biyar. A 2025 dai aka dace, kowa ya yi ranar 20 ga Afrilu, shekara 1,700 daidai bayan taron Nikiya. Shekara dubu da ɗari bakwai ana neman a haɗa rana! Don haka in gari biyu suka yi Salla rana daban-daban ba za ka ji dariyata ba. Laifi tudu ne, na san inda nawa yake.

Af, ka tuna 2025 ɗin nan? Ka ɗauki azumi a farkon Maris, ni na karɓi toka 5 ga wata. A 2026 kuwa cikin mako guda muka fara. Hamma kake a shago, hamma nake a ofis, amma wai ni ne ba na azumi.

Ka ce to mece ce wannan baƙar alama da ka gani a goshina, har ka miƙo min hankici? Na gode da kulawa, amma ba faɗuwa na yi a murhu ba. Ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara, ranar tunawa da shigar Yesu Urushalima, shi ake ƙonawa, a shafa tokarsa a goshi da siffar gicciye. Ganyen da aka yi murna da shi bara, bana ya zama toka, kuma ana shafa maka ana tuna maka cewa daga ƙasa ka fito, can za ka koma. Ni abin da ke burge ni a ranar shi ne layin. Mai mota uku da mai tura baro, shugabar Zumuntar Mata da yarinyar da ke mata wanke-wanke, duk yatsa ɗaya, toka ɗaya. Ba a taɓa ware wa babban mutum toka mai turare ba.

Yanzu ka iso inda kake so tun ɗazu. Ka ce azumin da ake cin abinci a cikinsa ai rangwame ne? Tsaya in faɗi gaskiya ko da za ta ba ka maki. A ƙa'idar Katolika, ranar Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau ana cin cikakken abinci sau ɗaya ne, da ɗan abin taɓawa sau biyu, kuma wannan ya hau kan mai shekara 18 zuwa 59. Kowace Jumma'a ta Lent ba a cin nama. Sauran kwanakin, mutum ya zaɓi abin da ransa ya fi so ya ajiye. Wanda ya wuni daga asuba zuwa magariba ba ɗigon ruwa a zafin Sakkwato, na sara masa, hulata a hannu. Amma kada ka yi saurin buga ƙirji. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar kwana 55 suke yi kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu. Kai da in miya ba ta ji man shanu ba sai an ji kanku da uwargida! A coci-cocinmu na nan kuma akwai masu kame baki daga shida na safe zuwa shida na yamma, akwai masu yin kwana uku ba ci ba sha, su fito ido ya faɗa kamar an tono su.

Kai kuma da ke gefe kana tafa min, ɗan'uwana na coci, matso, kai ma da naka. Ka ce Lent abin 'yan Katolika ne da Angilika, ku ba ruwanku, tunda ba a rubuta sunansa a Littafi ba? Madalla da mai bin nassi. Nuna min ayar 25 ga Disamba. Nuna min ayar ankon zumunta, da ta gwanjon doya da ɗan akuya ranar godiyar kaka. Ka ƙi kwana arba'in na kakanni, sai ga ka a Janairu fasto ya ce kwana 21, ka ce amin da ƙarfi, domin an ce a ƙarshensa akwai buɗi. Ban hana ka ba. Amma in duk addu'ar kwana 21 ɗin mota ce da biza da faɗuwar maƙiya, ka tabbata azumi kake, ba ciniki ba?

Buɗe Matiyu sura 6. Yesu bai tsaya tambayar ko almajiransa za su yi azumi ba, ya jera shi ne tare da sadaka da addu'a a matsayin abin da aka saba, ya kuma gargaɗe su kada su ɓata fuska don mutane su gani, a wanke ido, a shafa mai. Kai kuwa tun rana ta biyu duk Facebook ya san kana azumi. Ka ce to mu masu yawo da toka a goshi fa, ba talla muke ba? Nan kam ka kama ni. Abin dariyar ma, wannan sura ita ce ake karanta mana a ranar Larabar Tokar, mu ce amin, mu shiga layi. Ni yadda na fahimta, tokar shaidar mai laifi ce da ya amsa laifinsa, ba lambar yabo ba. Ranar da na ji ina gyara hula don a gan ta da kyau, ranar ya kamata in nemi hankicin maƙwabcina.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne annabi Ishaya, sura 58. Mutane suka kai ƙara cewa sun yi azumi Allah bai kula ba. Amsar da suka samu ba ta da daɗi: kuna azumi kuna matsa wa ma'aikatanku, kuna azumi kuna faɗa da dambe. Azumin da ake nema a wurinsu shi ne a saki wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar masauki gida, a suturta wanda ba shi da riga. Ka ce wannan wa'azi ne na mutanen da? To lebura nawa ke bin ka kuɗin gini tun kafin Kirsimeti? Buhu nawa na masara ka kulle a ɗaki kana jiran mudu ya tashi a watan Agusta? Gwauruwar da ke zama a bencin baya, yaushe rabon da ka tambayi kuɗin makarantar 'ya'yanta? Kada ka harare ni, ni ma mai gyaran rufina yana bi na, kuma yana karanta wannan shafi. Kuɗin naman da ban ci ba ran Jumma'a, in ya koma aljihuna, tattali na yi kawai, cikina ne ya sha wahalar banza.

To maƙwabci, ka ce har yanzu ba ka gamsu ba? Na sani, kai ko an tsaga maka ciki an nuna maka babu komai sai ka ce an wanke ne. Ba komai. In Larabar Toka ta zagayo zan ƙwanƙwasa maka ƙofa ka ƙirga da kanka, ka cire Lahadi. Ranar Ista kuma shinkafa da kazar da kake mana gori za su iso gidanka kamar kullum, kazar ma kai za ka yanka mana, yadda muka saba. Amma ka fara dawo min da kwanon cincin na bara, uwargida ta ƙirga kwanoninta.