Wa Yac Ce? Guzurin Malamin Lesin na Muhawara a Kajiji

Matashin da ya gama NCE ko digiri ya dawo gida Kajiji, takardar ɗaukar aiki ba ta iso ba tukuna, ba ya rasa mai ba shi shawarar ya buɗe lesin. Lissafi da kimiyya suna da masu su tun tuni. Abin da ya rage a ƙasa, wanda kowa ke tsallakewa kamar ƙaya a hanyar gona, shi ne koya wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare yadda ake bincike da yadda ake kafa hujja. Wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukar wannan kaya ya cancanci guzuri, ga shi nan.

Kayan aikin ba su da tsada: benci biyu, allo, alli, inuwar dogon yaro da agogo. Agogon ya fi sauran muhimmanci, domin yaro ɗan shekara 17 idan ya ji daɗin muryarsa, kiran sallar magariba ne kaɗai ke iya zaunar da shi.

Ranar farko malam ya bar su su nuna abin da suka zo da shi. Wani zai miƙe ya gyara wuyan riga, ya gai da shugaban taro, ya gai da alƙalai masu adalci, ya gai da mai duba lokaci wanda agogonsa ba ya kuskure, ya gai da abokan karawa da 'yan kallo. Cikin minti biyar da aka ba shi, biyu sun tafi a gaisuwa. Sannan ya sanar cewa manomi ya fi likita, tunda likita ma tuwo yake ci, ya rufe da fatan ya gamsar da jama'a bai rikita su ba. Duk cikin Ingilishi, duk hadda ce, ya gada daga yayansa, shi kuma yayan ya gada daga nasa yayan. Malam ya tafa masa da zuciya ɗaya, saboda tsayuwa gaban mutane ba ƙaramin abu ba ne, kuma yaron da aka yi wa dariya ranar farko ba ya dawowa ta biyu. Bayan tafin ya lafa, sai malam ya jefa masa tambayar da za ta zama gishirin ajin har ƙarshen zango, da harshen gida: “Wa yac ce?”

Amsoshin da za su biyo baya 'yan gida ɗaya ne. Babban wa shi ne An Ce, mai bi masa Kowa Ya Sani, autansu kuma A WhatsApp Na Gani. Malam ya rubuta sunayensu a kusurwar allo, ya sa doka cewa duk wanda ya shigo da ɗayansu aji, shi zai share gindin itacen gobe. Cikin mako biyu wurin zai yi fes kamar ɗakin amarya, bakunan ma su fara tsabta. Abin da zai sauƙaƙa wa malam aiki shi ne yaran nan ba baƙin wannan ilimi ba ne. A Islamiyya ba wanda zai karɓi hadisi daga gare su ba tare da sun faɗi sahabin da aka karɓo daga gare shi da wanda ya ruwaito ba. Sun san isnadi tun suna ƙanana, sai dai ba a taɓa gaya musu cewa maganar farashin taki ma tana buƙatar nata isnadin ba.

Daga nan sai kasuwa. Idan aka ce ɗalibi ya zaɓi abin da zai bincika, zai kawo “Matsalolin Noma a Nijeriya”, kayan da ko jaki goma ba su ɗauka. Malam ya yi ta sassaƙe masa shi har ya koma tambayar da za ta shiga aljihu: nawa tiyar gero take a Kajiji da kaka, nawa take idan damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa, kuma me ya kawo bambancin? A tura su bibbiyu ranar kasuwa, kowa da littafi da biro, su tambayi masu awo goma, su rubuta ranar da lokacin. Amma kafin su fita a yi gwajin gaisuwa a aji, don duk dattijon da ya ga yara biyu da littafi sun doso rumfarsa, ɗayan biyu zai zata: ko masu haraji ne, ko masu rubuta sunayen tallafi. Na farko zai sa ya ɓoye gaskiya, na biyu ya sa ya ƙara mata ruwa. Sai su rusuna su ce, “Baba, sannu da kasuwa, mu 'yan makaranta ne, karatu muka yi,” su jira ya sallami mai saye, sannan su yi tambaya.

Za su dawo da farashi uku ko huɗu na gero ɗaya a rana ɗaya, ransu a ɓace, suna ganin aikin ya lalace. Ranar ce malam zai fi kowa murna. Wata za ta lura cewa tiyar wani mai awo ta lotsa a gindi, wani ya ce farashin safe daban da na la'asar, wani kuma ya gano cewa an faɗa masa kuɗin baƙo ne don an gan shi da takalmi sau ciki. Haka za su koyi cewa lamba ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ranarta da wurinta da ma'auninta. Ko yawan mutanen ƙaramar hukumar Shagari, wanda ƙidayar 2006 ta nuna ya haura 150,000, duk ɗalibin da zai ambata sai ya haɗa da shekarar, domin Nijeriya ba ta sake ƙidaya ba tun daga lokacin, jariran wancan lokaci kuwa wasunsu sun yi aure.

Darasin da ya fi wuya shi ne adalci ga abokin karawa, kuma a nan malamin Kajiji ya fi takwarorinsa na wurare da yawa sa'a, saboda misalin yana kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna na wasu shekaru yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. A wannan zamani ne aka yi musayar wasiƙu tsakanin jagororin jihadi da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno, kuma muhawara ce mai zafi wadda rayuka suka rataya a kanta. Al-Kanemi ya kafa hujja cewa mutanen Borno Musulmi ne masu salla, kuma laifuffukan da ake zarginsu da su saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini balle ya halatta yaƙarsa. Muhammadu Bello ya mayar da amsa cewa tushen rigimar shi ne taimakon da sarakunan Borno suka bai wa sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. Abin da ya kamata yara su riƙe shi ne abin da Bello ya yi da wasiƙun: da ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya saka maganar al-Kanemi a cikin littafinsa, sannan ya bi ta da amsa. Shi ya sa bayan shekara fiye da 200 mai karatu yake iya jin ɓangarorin biyu ya auna da kansa.

Malam ya mayar da wannan doka a aji. Ba mai rushe hujjar wani sai ya fara maimaita ta da bakinsa, har mai ita ya gyaɗa kai ya ce, “Haka nika nuhi.” Kuma ana saura minti goma a fara, a jefa kwabo sama a raba ɓangare, yadda mai kare manomi tun jiya zai iya wayar gari lauyan likita. Za a yi ƙorafi, wani ma ya yi fushi ya ce an cuce shi. Malam ya daure, domin yaron da ya taɓa kare ra'ayin da ba nasa ba da gaske, da wuya ya girma ya zama mai zagin mutane a Facebook.

'Yan mata sukan zauna a bencin baya su rufe baki da gefen hijabi, alhali littafinsu ne ya fi cika da bayanan kasuwa. Malam ya je da kansa ya nemi izinin iyayensu, ya sa lokacin da za su koma gida da sauran rana, ya riƙa ba su buɗe muhawara. Idan wani ya yi gunaguni, a tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru.

Maganar harshe kuwa, a bar yaro ya gina hujjarsa da Hausa tukuna, ta tsaya da ƙafarta, sannan a sa mata rigar Ingilishi. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu tun kafin ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma da ya so yara su san ƙasarsu, da Hausa ya tsara musu Waƙar Nijeriya.

Iyaye za su zo da tambaya ɗaya: “Malam, wanga abu na cikin jarrabawa?” Amsar ita ce e, yana ciki. A takardar Ingilishi ta WAEC ana neman insha'i na kalmomi kamar 450, rubutun muhawara na cikin zaɓin da ake bayarwa, kuma ana ba da maki a kan ƙunshiya da tsari, ba a kan nahawu kaɗai ba. A Amurka har kwas guda suke da shi a sakandare, AP Research, inda ɗalibi ke shekara yana bincike ɗaya, ya rubuta kalmomi 4,000 zuwa 5,000, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Ɗan Kajiji da ya shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai tarar da irin wannan aiki yana jiransa a shekarar ƙarshe, kuma gara ya isa can ya riga ya san ɗanɗanonsa. Kuɗin lesin kuma malam ya yi haƙuri da su zuwa kaka, ya tanadi buhu, don wasu da gero za su biya, wata gwaggo ma da zakara.

Wata rana wani zai kawo rubutu sumul, ba kuskure ko ɗaya, da kalmomin da ko shugaban makaranta sai ya duba ƙamus. Ba sai an yi faɗa ba. Malam ya karɓi wayar yaron ya kife ta a kan benci, ya ce yaron ya bayyana sakin layi na uku da Hausa. In ya iya, nasa ne. In ya tsaya yana kallon ganyen dogon yaro, sai a zauna tare a tambayi ChatGPT tarihin Kajiji, a kwafe amsar, a kai wa dattawan gari biyu su ji, a dawo a lissafa inda suka yarda da inda suka girgiza kai.

Sai dai malam ya shirya wa ranar da abin zai juyo kansa. Zai tsaya gaban allo yana ba da labarin Bello da al-Kanemi karo na uku, ya ambaci 1812, sai hannu ya tashi daga bencin baya, muryar da wata uku da suka wuce ba a jin ta ta ce, “Allah shi gafarta Malam, wa yac ce?” Kada ya ce a littafi ya gani ya wuce. Ya faɗi sunan littafin da mai shi, in kuwa ya manta shafin, ya ce a ba shi zuwa Litinin. Ya tashi da sassafe ya tari motar Sakkwato a bakin titi, ya sauka ya nufi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ko ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a jami'a, da biro da ɗan littafinsa a aljihun gaba, da kuɗin motar dawowa a ɗaya aljihun.