Sabon Gida da Mai Duba Kyauta

Sabon gida kamar amarya yake, ranar farko kowa sai yabo. Fenti na sheƙi, tayil na ɗaukar ido, dillali na rantsuwa har da ɗaga yatsa sama.

Abin da bai faɗa ba, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ya haifi bulo sittin a gidan nan. Albarka ke nan. Kankare kuwa, injiniyoyi sun ce sai ya kwana 28 yake cika ƙwarinsa. Na wannan gida ɗan baiwa ne, a kwana uku ya sauke.

Malam da ya sayi gidan kuwa, ba ya sayen kankana sai ya ƙwanƙwasa. Ragon Layya ma sai ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora. Amma gidan miliyoyi, launin ƙofa kawai ya gani ya biya. Ka ce a kira injiniya ya duba tushe da rufi da wayoyin lantarki, sai ya ce ai sabo ne dal, kuɗin dubawa asara ne.

Gaskiyarsa. Akwai mai duba kyauta, sunansa ruwan Agusta. Ko sisi ba ya karɓa, kuma ba ya kuskure. Sai dai da tsakar dare yake kawo rahoto, daidai saitin gado.

A tanadi bokiti.